Filin Baba Koci: Golanmu Yana Da I'ina, 'Yan Bayansa Suna Kwaikwayonsa

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan watan, kuma duk a kan magana ɗaya suke: yaran da harshensu ke sarƙewa, da abin da abokan wasansu ke yi musu a fili. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

Daga wani koci a Tudun Wadan Zariya

*Assalamu alaikum, Baba Koci. Ni ke horar da wata ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara 15 a unguwarmu. Golanmu ɗan shekara 14 ne, ban taɓa samun mai hannu irinsa ba, amma yana da i'ina mai ƙarfi. Idan zai ce “bari” sai ya maƙale har ƙwallo ta sauko. Biyu daga cikin 'yan bayansa sun mayar da abin wasa, da ya buɗe baki sai su kwaikwaye shi, sauran su fashe da dariya. Har suna suka laƙaba masa. Idan muka fita wasan waje kuma 'yan kallo su taru a bayan ragarsa suna yi masa haka. Yanzu ya daina magana a fili gaba ɗaya. A gasar unguwa an ci mu saboda shi da ɗan baya sun yi karo, babu wanda ya kira ƙwallon. Na sa su biyun tsallen kwaɗo, na yi musu faɗa a gabansa, sai abin ya koma ɓoye, kuma yanzu haushinsa suke ji. Jiya ya aiko ƙaninsa da safar hannun da na saya masa. Me zan yi?*

Wa alaikumus salam, Koci. Allah ya saka maka da alheri da ka damu da yaron nan.

Ka fara da safar hannun. Ka ɗauke ta da kanka ka je gidansu, ka gaida mahaifinsa, ka nemi izini ku zauna kai da yaron a zaure, ku biyu kawai. Kada ka aika, kada kuma ka tafi da kyaftin. Ka tambaye shi abin da ya fi yi masa ciwo, ka tambaye shi abin da yake so a faɗa wa ƙungiya da abin da ba ya so a faɗa. Wani yaron zai ce a yi maganar a gabansa, wani zai ce a yi ranar da ba ya nan, wani ma zai so ya faɗi kalma biyu da bakinsa. Shi ke da wannan zaɓin. Yayin da yake ba ka amsa, ka jira shi. Kada ka ƙarasa masa kalma, kada ka ce masa “yi a hankali” ko “ja numfashi”, domin ya ji waɗannan tun yana ƙarami kuma ba su taɓa sakin harshensa ba, sai dai su tuna masa cewa ana auna maganarsa. Ka dube shi yadda kake duban kowa. Yadda ka saurare shi a zauren nan shi ne abin da za ka koya wa sauran yaran daga baya.

Ya kamata kai da su ku san mece ce i'ina. Ba tsoro ke haifar da ita ba, ba kuma ƙarancin basira ba. Yaron ya san abin da zai faɗa sarai. Tangarɗar tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke jera motsin harshe da leɓe da numfashi a kan lokaci. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na manya a duniya yana da ita, kuma a cikin manya maza sun ninka mata kusan sau 4. Tana bin jini. A 2010 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin jagorancin Dennis Drayna sun gano canji a wasu ƙwayoyin gado bayan nazarin iyalai a Pakistan, daga baya kuma suka yi aiki a kan wani babban dangi a Kamaru, nan maƙwabta, inda masu i'ina suke da yawa a zuriya ɗaya. Gaggawa da fargaba dai suna ƙara mata ƙarfi. To ka duba matsayin gola: ƙwallo tana sama, yana da daƙiƙa ɗaya ya yi kira, kuma ya san da ya maƙale za a yi dariya. Shirun da ya yi, kare kansa ya yi.

Tsallen kwaɗon bai yi aiki ba saboda ya nuna wa yaran biyu cewa golan ne sanadin wahalarsu, kuma bai taɓa ainihin wurin da matsalar take ba. Masu kwaikwayo biyu ne, amma masu dariya sun fi goma. Dariyar ce ladan da suke nema. Ranar da suka kwaikwaya aka yi musu tsit, ranar kasuwarsu ta fara watsewa. Don haka yawancin aikinka a kan masu dariyar yake.

Akwai wani bincike da na daɗe ina ba koci-koci labarinsa. A Toronto ta ƙasar Kanada, masu bincike uku, Hawkins da Pepler da Craig, sun ɗauki bidiyon yara a filayen wasa na makarantun firamare, suka fitar da sakamakon a 2001. Sun ga cewa a kashi 88 cikin 100 na lokutan da ake cin zalin wani yaro, akwai wasu yara a wurin suna kallo. Sau 19 kawai cikin 100 wani ya sa baki. Amma a inda aka sa bakin, sau 57 cikin 100 cin zalin ya tsaya cikin daƙiƙa 10. A kan irin wannan fahimtar aka gina shirin KiVa na hana cin zali a makarantu, na Jami'ar Turku a ƙasar Finland, wanda ya mayar da hankali ga 'yan kallo maimakon mai zalunci shi kaɗai. Yawancin yaran da ke dariya ba mugaye ba ne. Ba su san abin da za su ce ba, kuma kowa yana jiran wani ya fara.

Mu masu horarwa mun san maganin rashin sanin abin yi, shi ne maimaitawa. Ba ka taɓa tara yara ka yi musu huɗuba a kan bugun kwana, sannan ka sa ran za su iya ranar gasa. Kana jera su, kowa da inda zai tsaya, ku yi ta yi har ya zauna a jikinsu. Haka za ka yi da wannan. Ka ware minti 5 a ƙarshen tirenin, sau ɗaya a mako. Kai ne za ka fito a mai ba'a, kuma ka zaɓi wani abu dabam, kamar yagaggen but ko gajartar wani, bayan ka nemi yardar wanda za a yi misali da shi. Kada ka kwaikwayi i'ina ko da sunan koyarwa, kada kuma ka tsayar da golan a tsakiya. Kana fara ba'ar, wanda ya fi kusa ya ce, “Kai, bar wannan.” Ko ya ce, “Ba ma haka a nan.” Gajeriyar magana, da murya daidai, babu zagi, babu cin kwala. Sannan dole na biyu ya mara masa baya nan take: “Ka ji abin da ya ce.” Wannan na biyun shi na fi ba wa muhimmanci, saboda yaron da ya yi magana shi kaɗai aka bar shi a tsaye, gobe ba zai sake ba. Na uku kuma ba sai ya ce komai ba, ya taka ya tsaya kusa da wanda ake yi wa, ya miƙa masa ruwa ko ya dafa kafaɗarsa. Ka riƙa juya su, har mai kunyar cikinsu ya ji maganar ta fita daga bakinsa a gaban jama'a. Makon farko za su yi ta dariya suna jin nauyi. Ka bar su, ku ci gaba.

Akwai wata jimla da nake so ta zama ta ƙungiyarku: “Bar shi ya gama.” Duk wanda ke magana a taron hutun rabin lokaci, gola ne ko ɗan benci, ba a katse shi. Idan dokar ta hau kan kowa, ba ta nuna yaro ɗaya da yatsa.

Za su ce maka wasa ne. Ka yarda da su cewa tsokana tana cikin ƙwallo, kuma ba ka zo kashe raha ba. Ni Bakano ne, kai Bazazzagi, mun gaji wasa a tsakaninmu tun kaka da kakanni, kuma abin da ya sa ya daɗe shi ne kowa yana jifa, kowa yana ramawa, a tashi ana dariya tare. Ka tambaye su: golan nan yana ramawa? Da me zai rama, alhali abin da zai rama da shi, wato bakinsa, shi ake yi wa dariya? Yara suna gane wannan da wuri idan an faɗa musu a fili. Sunan da suka laƙaba masa kuma ya mutu daga ranar. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙabi, kuma yaranka da ke zuwa Islamiyya sun haddace ta.

Su biyun nan, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe. Ka nuna musu ƙwallon da aka ci ku, ka ce ga abin da shirun gola ya jawo, kuma ga wanda ya sa shi shiru. Ka faɗa musu hukuncin tun kafin a sake: wanda ya kwaikwaya, benci a wasa na gaba, ko shi ne ya fi kowa iyawa. Idan ranar ta zo, ka cika. Daga nan ka ba su aiki. Su ne 'yan bayansa, su za su zauna da shi su tsara kiran da za a riƙa yi. Ka bar golan ya zaɓi kalmomin da suka fi sauƙin fita a bakinsa. Idan “bari” tana riƙe shi, wataƙila “ni” ko “gola” ko “hai” za ta fita. Tafi biyu da safar hannu na iya zama “nawa ne”. Jera katanga a firikik dama da hannu ake yi. Ɗan baya na tsakiya zai iya maimaita kiran da ƙarfi don na gefe su ji. Amma a kula, kada a mayar da wannan hanyar rufe masa baki. Idan ya so ya yi kira da murya, ya yi, ya maƙale ya ƙarasa, a amsa masa.

Batun wasan waje nauyinka ne kai babba, domin yaro ɗan shekara 14 ba zai iya tsawata wa magidanci mai gemu a bayan raga ba, tarbiyyarmu ma ba ta ba shi wannan damar ba. Kafin a take wasa ka sami kocin ɗaya ɓangaren da rafali, ka faɗa musu. Doka ta 12 ta dokokin ƙwallon ƙafa tana tare da kai: ɗan wasan da ya yi amfani da baki don ya ɗauke hankalin abokin hamayya yana cin katin gargaɗi, wanda kuma ya yi kalaman cin mutunci ko zagi, jan kati ne. Ɗan gaban da ya tsaya kusa da golanka a bugun kwana yana kwaikwayonsa ya faɗa cikin wannan. Su 'yan kallo, ka roƙi dattawa biyu daga unguwarku ko yayyen yaran su tsaya a bayan ragarku. Sau da yawa ganin furfura kaɗai ya isa. 'Yan bencinka su riƙa kiran sunansa na gaskiya duk lokacin da ya kama ƙwallo. Babu wanda zai je faɗa. Idan abin ya ƙi, ka rubuta wa kwamitin gasar.

Wata rana bayan tirenin ka buɗe wayarka ka nuna musu Ken Sema. Ɗan Suwidin ne, iyayensa 'yan asalin Kwango. A watan Fabrairu na 2023 ya ci wa Watford ƙwallo biyu a wasan da suka doke West Brom da ci 3 da 2, aka tsayar da shi gaban kyamara, ya yi hirarsa da i'inarsa har ƙarshe, miliyoyin mutane suka kalla. Ka sa yaranka su lura da mai yi masa tambayar, yadda ya tsaya yana jira. Luke Ayling, wanda ya sha ɗaura kambun kyaftin a Leeds United, ɗan baya ne mai i'ina, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana gudun hira da 'yan jarida. James Rodríguez na Kolombiya, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya na 2014 da ƙwallo 6, shi ma ya yi fama da ita yana yaro. Ranar 22 ga Oktoba ta kowace shekara, tun 1998, ita ce ranar wayar da kai kan i'ina ta duniya. Idan golan ya yarda, ku shirya wasan sada zumunci a ranar.

Yana yiwuwa ka je gidan ya ce ba zai dawo ba yanzu. Ka bar masa safar hannun, ka ce wurinsa yana nan, ka fara aikin da sauran ko ba ya nan.

Daga wani ɗalibi ɗan shekara 16 a Kaduna

*Baba, ina buga ƙwallon kwando a makarantarmu. Abokina yana da i'ina. Kyaftin ɗinmu, wanda ya girme mu kuma ya fi kowa iyawa, ya ɗauke shi bidiyo yana magana ya sa a gurup ɗinmu na WhatsApp. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar abokina ba ya kallona. Ina so in yi magana amma ina tsoron kyaftin ya juyo kaina ko ya sa a daina ba ni ƙwallo.*

Ɗana, tsoron da kake ji yana da dalili, kuma ba zan ce maka ka tashi gobe ka tsaya gaban kyaftin kai kaɗai ba. Akwai abin da ya riga wannan.

Ka je wurin abokinka yau. Ka ce masa, “Na yi dariya ranar nan, ban kyauta ba, ka yafe mini.” Kada ka ƙara da cewa kowa ma ya yi. Dariyar kyaftin ta yi masa ciwo, amma taka ta fi, shi ya sa kai ne ba ya kallo. Idan bai amsa maka nan take ba, ka ba shi lokaci, gobe ka zo ka ɗauki ƙwallo ka ce ku je ku yi jifa tare.

Bidiyon kuma ka goge shi daga wayarka, kada ka tura wa kowa, ko da niyyar nuna ɓacin rai. Sai ka duba cikin ƙungiyar. Na tabbata akwai mutum ɗaya ko biyu da abin ya dame su kamar yadda ya dame ka, suna shiru saboda suna zaton su kaɗai ne. Ka same su ɗaya-ɗaya. Ku biyu ko uku ku sami kyaftin a gefe, inda babu 'yan kallo, ku yi masa magana da ladabin da ya dace da wanda ya girme ku: “Yaya, bidiyon nan ya taɓa shi sosai, don Allah a cire, kuma kai ne babba, in ka hana kowa zai bari.” Babba ya fi saurin sauka idan ba a kunyata shi a gaban ƙannensa ba. Idan ya ƙi, ko ya fara huce haushi a kanku, ku kai wa kocinku ko malamin wasanni. Wannan ba gulma ba ce. Ɗaukar mutum bidiyo ba da yardarsa ba don a yi masa dariya ya wuce abin da yara za su sasanta su kaɗai.

Ina so ka san girman abin. A 2015 wani yaro ɗan sakandare a Amurka ya bar ƙungiyar ƙwallon makarantarsu saboda ba'ar da ake yi wa i'inarsa, abin ya kai shi har ga yunƙurin hallaka kansa. Sophie Gustafson, ƙwararriyar 'yar wasan golf daga Suwidin wadda ita ma take da i'ina, ita ta fito da labarin, sai Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, ya rubuta wa yaron wasiƙa, ya gaya masa cewa shi ma ya yi i'ina yana ƙarami. Idan ka ga abokinka ya daina cin abinci, ya daina zuwa makaranta, ko yana maganar ya gaji da rayuwa, ka gaya wa babba a ranar, ko da ya ce ka rufa masa asiri.

Tunda kwando kuke bugawa, ka nemo masa labarin Michael Kidd-Gilchrist. Ya ci gasar jami'o'in Amurka da Kentucky a 2012, a shekarar kuma ƙungiyar Charlotte ta ɗauke shi na biyu a zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, duk da i'inar da ta sa hira da 'yan jarida ta zame masa azaba. Bayan ya bar wasa ya kafa ƙungiyar Change & Impact mai fafutukar taimaka wa masu i'ina, ya riƙa shiga majalisun jihohi yana magana da i'inarsa, har jihar Kentucky ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa kamfanonin inshorar lafiya biyan kuɗin gyaran magana ga masu i'ina.

Ka kuma tuna Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A Suratu Ɗaha ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙulli daga harshensa, a Suratuz Zukhruf kuma Fir'auna ne ya goranta masa cewa da ƙyar yake bayyana magana. Abokanka Kiristoci za su sami labarin nauyin bakin Musa a Littafin Fitowa, sura ta 4. Ka ga layin da mai gori ya shiga. A cikin addu'ar nan Musa ya roƙi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, kuma wannan gurbin ne ya rage maka a wurin abokinka. Sai dai ka tambaye shi kafin ka yi magana a madadinsa. Wani lokacin abin da yake so shi ne ka tsaya a gefensa kawai, ya faɗa da kansa.

Daga wata uwa a Funtuwa

*Baba Koci, 'yata mai shekara 12 tana gudun mita 100 a makarantarsu, tana da tsamin baki, “s” ba ta fita daidai. Malamin wasanninsu da kansa yake kwaikwayonta idan yana kiran suna, yara su yi dariya. Kakarta ta ce a kai ta wurin wanzami a yanke linzami. Ƙaninta mai shekara 4 kuma ya fara i'ina watanni biyu da suka wuce, an ce beli ne.*

Hajiya, don Allah kada a kai ko ɗayansu wurin aska. Cire beli ba ya warkar da i'ina, kuma yana iya jawo zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da sarƙewar haƙora. Linzamin harshe akwai shi da gaske a wasu yara, amma likita ne zai duba ya tabbatar, kuma yawancin tsamin baki ba daga nan yake ba, daga inda yaro ya saba ajiye harshensa ne. Ki lallaɓi Kaka, ki ce za a fara kai su asibiti a duba. Ki nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Shika da ke kusa da ku, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna jin yarinyar, sannan ki tambayi inda ake ganin mai gyaran magana. Tsamin baki yana cikin abubuwan da suka fi jin horo, ko a shekarunta.

Shi ƙaramin, i'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 suna ratsa ta, kuma wajen uku cikin huɗu tana sakinsu. Ku rage saurin maganarku a gida, ku ba shi lokaci, kada a daka masa tsawa ko a sa shi maimaitawa, kuma yayyensa kada su kwaikwaye shi. Idan ta wuce wata 6, ko akwai mai ita a dangi, ko kika ga yana yamutsa fuska yana jin haushin kansa, ki kai shi tun kafin ya shiga firamare, domin a wannan shekarun gyara ya fi kamawa.

Malamin nan kuwa ya ɓata mini rai. Yara a bayan babba suke tafiya, kuma duk abin da na faɗa wa kocin Zariya ba zai yi aiki ba a filin da mai usur ne ke fara dariyar. Ki je ke da mahaifinta ku same shi tukuna, cikin mutunci, ku ce yarinyar tana kuka a gida, ku roƙe shi ya daina. Idan ya sake, ku je wurin shugaban makaranta da takarda a rubuce, da kwanan wata da abin da aka faɗa. Kada ki cire ta daga gudu. Ki tambaye ta wace ƙawa ce ba ta yin dariya idan ana yi, ki gayyato yarinyar gida, ki gode mata a gaban 'yarki.

Daga wani malamin wasanni a Damagaram

*Malam, ina da ɗalibi mai i'ina da nake so in ba kyaftin. Amma yara suna cewa ƙarya yake yi, wai idan yana waƙa ko yana yi wa 'yan kokawa kirari ba ya maƙalewa.*

Malam, ba ƙarya yake yi ba. Sanannen abu ne cewa yawancin masu i'ina suna sakewa idan suna waƙa, ko suna bin kari, ko suna karatu tare da jama'a baki ɗaya, saboda karin yana ba ƙwaƙwalwa ma'aunin lokacin da take rasawa a magana ta yau da kullum. Haka nan tana yin sauƙi yau ta yi tsanani gobe. Ka bayyana wa yaran wannan a fili, domin zargin ƙarya ciwo ne na biyu a kan na farko.

Idan shi ne ya fi cancanta, ka tambaye shi, in ya amince ka ba shi kambun. Kafin kowane wasa ka sami alƙalin wasa ka ce masa kyaftin ɗinka yana da i'ina, a ba shi lokaci idan ya zo magana. Ka naɗa masa mataimaki a cikin waɗanda ba su taɓa yi masa dariya ba, kuma ranar wasan farko shi kyaftin ɗin zai fita tsakiyar fili ya zaɓi gefen kwabo.